Jagorar Baƙo a Birnin Dablin

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Dablin, babban birnin Jamhuriyar Ailan, ko don neman ilmi, ko don halartar taro, ko kuwa don ziyarar ɗa ko ɗan'uwa da ke zaune can, abin da ya kamata ya fara sani shi ne, garin nan, duk da sunan da ya yi a duniya, matsakaici ne, har mai lafiyar ƙafa yana iya ratsa tsakiyarsa daga wannan gefe zuwa wancan cikin abin da bai cika sa'a guda ba. Saboda haka wanda ya shiga mota don ya gan shi ya yi hasarar kuɗinsa, ya kuma yi hasarar ganin. Abu na biyu kuwa, wanda shi ne dalilin rubuta wannan jagora, wuraren da masu talla suka fi kururutawa sau da yawa su ne mafi ƙarancin fa'ida ga baƙo irin namu, alhali taskokin da suka cancanci a yi tattaki dominsu, galibinsu ko anini ba a biya a ƙofarsu. Na bar sunayen tituna da unguwanni yadda za a gan su a rubuce a kan alluna, don kada mai tambayar hanya ya ruɗe.

Kafin a yi maganar yawo, akwai sharuɗɗan da sai an cika su. Ailan tana cikin Tarayyar Turai, kuɗinta kuwa Yuro ne, amma bizarta daban take: bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar, haka nan bizar bai-ɗaya da ake shiga Faransa da Jamus da ita, sai wadda hukumar Ailan ta bayar da kanta, kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja. Game da tufafi, a nemi rigar ruwa mai hula da takalmi mai daɗin tafiya, domin ruwan ƙasar yawanci yayyafi ne mai zuwa ya ɗauke ya kuma dawo cikin yini guda, iskar teku kuwa ba ta barin lema ta yi tsawon rai. Agogonsu da na Nijeriya da Nijar daidai suke tun daga ƙarshen Maris har ƙarshen Oktoba, sauran watanni kuma suna bayanmu da sa'a guda. Sai dai mas'alar da ta fi wannan nauyi ita ce tsawon yini. A watan Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe biyar na safe, ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, shafaƙi kuma ba ya gushewa sarai kafin alfijir ya keto. A Disamba kuwa sai bayan takwas da rabi take fitowa, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ta faɗi, har Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin sa'o'i huɗu. Wanda ya dogara ga kallon sama kamar yadda ya saba a gida zai yi ta kuskure, don haka ya karɓi jadawalin salla daga ɗaya daga cikin masallatan garin ya bi. Alƙibla tana tsakanin gabas da kudu maso gabas.

Filin jirgin sama yana arewa da gari da kimanin kilomita 10, babu kuma jirgin ƙasa da ke zuwa can, sai bas ko tasi. Da isa, a sayi katin da ake kira Leap, wanda akwai nau'insa na baƙi na kwana ɗaya ko uku ko bakwai, domin da shi ake hawa bas, da Luas, wato jirgin da ke bin titunan gari a kan layi biyu, ja da kore, da kuma DART, jirgin da ke bin gaɓar teku. Ka'idar ita ce, a bas ana taɓa katin lokacin shiga, a Luas da DART kuwa ana taɓawa kafin a hau, a sake taɓawa bayan an sauka. Wanda ya ce da kuɗi zai biya bas, to ya tanadi na ƙarfe daidai adadi, don direba ba ya karɓar takarda, ba ya kuma ba da canji. Motoci suna bin hannun hagu, kamar yadda dattawan Nijeriya suka sani kafin 1972. Mai tsallaka titi ya fara duban damansa.

To, mabuɗin fahimtar garin shi ne kogin Liffey, wanda ya shigo daga yamma ya raba shi biyu kafin ya faɗa teku a gabas. Wanda ya riƙe kogin nan a zuciyarsa ba zai ɓata ba, ga kuma wata alama mai taimako: lambobin unguwanni na gidan waya, mara (1, 3, 7, 9) galibi na arewa ne, cika (2, 4, 6, 8) kuwa na kudu. Mutanen kudu ana ɗaukarsu masu hali da ƙasaita, na arewa kuma talakawa masu kaifin baki, kowane ɓangare yana zolayar ɗaya kamar wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, baƙo kuwa nasa dariya ne, kada ya ɗauki gefe. Gadoji da yawa sun haɗa su, biyu daga ciki sun isa a sani: gadar O'Connell, wadda faɗinta ya ɗan ɗara tsawonta, da ƙaramar gadar ƙarfe ta masu ƙafa da ake kira Ha'penny, wadda aka gina a 1816, aka fara da karɓar rabin kwabo ga duk mai hayewa, ba a kuma daina karɓar kuɗin hayewa ba sai 1919.

Shawarata ita ce baƙo ya ba safiyarsa ta farko, lokacin da hankalinsa ke kwance ƙafarsa kuma ba ta gaji ba, ga taskar littattafai ta Chester Beatty, wadda ke harabar tsohuwar fadar Dablin a kudancin kogi. Shi Chester Beatty ɗin Ba'amurke ne, an haife shi a 1875, ya tara dukiya mai yawa a haƙar ma'adinai, ya kuma ɓatar da kaso mai tsoka daga cikinta wajen sayen tsofaffin rubuce-rubucen hannu daga Misira da Farisa da Hindu da Sin da sauran ƙasashe. A 1950 ya ƙaura zuwa Dablin da kayansa, da ya rasu a 1968 ya bar su amana ga jama'a, shiga kuwa kyauta ce har yau. A cikinta akwai Alƙur'anai da gutsattsarinsu fiye da 260, daga masu rubutun Kufi a kan fata har zuwa manyan mus'hafan da aka rubuta wa sarakunan Mamluk na Misira da ruwan zinariya. Mafi daraja a cikinsu shi ne mus'hafin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1000 zuwa 1001 na Miladiyya. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya rubuta Alƙur'ani sau 64, wannan kaɗai ne aka san ya wanzu, kuma yana cikin mafi daɗewar mus'hafai masu kwanan wata da aka rubuta a kan takarda da sassauƙan hannu maimakon Kufi. Ɗan ƙarami ne, ba shi da ƙawa mai ɗaukar ido daga nesa, amma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin gamba ya rubuta allo, ya san wahalar daidaita alif da ɗan'uwansa, idan ya tsaya gabansa zai ga abin da yawancin masu wucewa ba su gani. Sai dai a sani, ana juya kayan da ake nunawa lokaci lokaci don kada haske ya ci tawada, don haka mai muradin wani littafi takamaimai ya tambaya kafin ya je. A bene guda da mus'hafan akwai takardun Injila da wasiƙun Bulus na kan ganyen bardi, waɗansu tun wajen shekara ta 200, suna cikin mafi tsufa a duniya, da littattafan Buda, kowane addini da sashensa, an shirya su cikin ladabi. Kada a yi gaggawa a nan. Sa'a uku ba su yi yawa ba, akwai kuma wurin cin abinci irin na Gabas ta Tsakiya a ƙasa.

Da fitowa, lambun da ke gaban ƙofar shi ne wurin da wani baƙin tafki yake a da, inda mayaƙan teku na Sikandinabiya, waɗanda ake kira Viking, suka kafa sansani a 841, sansanin da ya zama gari, ya kuma zama babbar kasuwar bayi a zamaninsa. Fadar kanta Sarki John na Ingila ne ya ba da umarnin gina ta a 1204, daga nan ne kuma aka yi ta mulkin ƙasar da sunan Ingila har ranar 16 ga Janairu 1922, da aka miƙa ta ga Michael Collins da sabuwar gwamnati. Wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin ba za a fahimci rabin abin da ke garin ba sai da shi: mutanen nan, ko da yake fararen fata ne masu magana da Ingilishi, su ma an mulke su, an karɓe musu gonaki, an raunana harshensu, kuma ba sa son a kira su Ingilishi ko da wasa. Yamma kaɗan akwai manyan majami'u biyu, Christ Church, wadda asalinta ya koma wajen 1030, da St Patrick, inda Jonathan Swift, mawallafin labarin tafiye-tafiyen Gulliver, ya yi shugabanci daga 1713 zuwa 1745 aka kuma binne shi. Amma ma'abucin littafi ya leƙa bayan ta biyun, inda ɗakin karatu na Marsh yake tun 1707, na farko da aka buɗe wa jama'a a ƙasar, har yanzu da kantocinsa na asali, da waɗansu keji uku da ake kulle mai karatu a ciki idan ya nemi littafi mai tsada, kada shaiɗan ya raya masa ya sa shi a aljihu.

Gabas da fada, tafiyar minti goma, jami'ar Trinity take, wadda Sarauniya Elizabeth ta Farko ta kafa a 1592. Shiga harabarta kyauta ne, amma ganin Littafin Kells sai da tikiti mai ɗan tsada, kuma gara a saya ta intanet tun kafin ranar. Littafin Linjila huɗu ne cikin Latin, wanda sufayen Kirista suka rubuta a kan fatar maraƙi wajen shekara ta 800, warƙa 340, da zayyana mai sarƙaƙiya ƙwarai wadda sai an kusanta ake gane cewa zaren da ya nannaɗe ɗin nan wuyan tsuntsu ne ko jelar maciji. Gaskiyar magana, buɗi guda kawai za a nuna maka a cikin gilashi, cikin duhu da cunkoso, ba a kuma yarda da ɗaukar hoto. Wanda guzurinsa ya yi ƙaranci, ya riga kuma ya ga Chester Beatty, ba zai yi babbar hasara ba in ya wuce. Tikitin ya haɗa da dogon zauren tsohuwar taska, mai tsawon mita 65, wanda aka gina don ɗaukar tsofaffin littattafai wajen 200,000, ko da yake an kwashe mafi yawansu a 'yan shekarun nan don gyara.

Daga ƙofar jami'ar titin Grafton ya miƙe kudu, babu mota a cikinsa, sai kantuna masu tsada da makaɗa da ke neman abin sadaka a bakin hanya, har ya kai lambun St Stephen's Green, wurin hutawa mai tafki da agwagi wanda aka buɗe wa kowa da kowa a 1880. Unguwar da ke gabas da nan ita ce ta gidajen jan bulo na ƙarni na goma sha takwas, masu ƙofofi kala-kala, kuma dandalin Merrion ya fi ko'ina nuna su. Can majalisar ƙasa take, da gidan zane-zane na ƙasa, da gidan kayan tarihi na titin Kildare, waɗannan biyun duk kyauta. A na titin Kildare akwai kayan ado na zinariya da aka ƙera tun fiye da shekara dubu uku, akwai kuma abin da ba kowa zai jure gani ba, wato gawarwakin mutanen da aka tono daga dausayi, waɗanda tsamin laka ya hana su ruɓewa fiye da shekara dubu biyu, har gashi da farce suna nan. Mai zuwa da yara ya yi shawara da kansa tukuna.

Sai Temple Bar, unguwar da ke tsakanin fada da kogi, wadda hotonta ke kan kowace takardar talla. Titunanta na dutse ne, ƙunci gare su, da rana kuma ba laifi a ratsa, musamman ranar Asabar da ake cin 'yar kasuwar abinci. Amma hasali unguwar mashaya ce, da dare sai ihu da maye, farashi kuwa ninki, har su kansu 'yan garin ba su cika zama can ba. Haka nan gidan Guinness da ke unguwar Liberties, wanda yake cikin wuraren da baƙi suka fi cika a duk ƙasar: kamfanin giya ne da Arthur Guinness ya kafa a 1759, bisa yarjejeniyar hayar fili ta shekara 9,000 a kan fam 45 kowace shekara, kuma masana'antarsa ta farko a wajen Ailan da Birtaniya a Ikeja ta Legas aka gina ta a farkon shekarun 1960, shi ya sa ɗan garin yakan ambaci wannan da zarar ya ji daga Nijeriya kake. Labarin ke nan, ka kuma ji shi ba tare da ka biya ba. Tun da maganar ta kawo nan, a kiyaye abinci: karin kumallon gargajiya na ƙasar cike yake da naman alade da wani tsiran da ake yi da jini, farfesun naman shanu sau da yawa da giya ake dafa shi, ƙullun da ake soya kifi da shi ma wani lokaci haka. Tambaya ba abin kunya ba ce a wurinsu, za su kuma gaya maka gaskiya.

Wanda ya nemi halal da jam'i sai ya nufi titin South Circular, kudu da Liberties, inda masallacin Dablin yake cikin wani gini da a da majami'a ce, Musulmi suka saye shi a 1983. A kewayensa, da titin Clanbrassil, akwai mahauta da kantuna da gidajen abinci na Musulmi, a unguwar da a farkon ƙarni na ashirin ta Yahudawa ce. Daga can kuma ana iya gangarawa bakin magudanar Grand Canal a Portobello a yi tafiyar yamma ƙarƙashin itatuwa. Can kudu a Clonskeagh akwai babbar cibiyar Musulunci mai hasumiya da ƙubba, wadda gidan Maktum na Dubai ya ɗauki nauyin gina ta aka buɗe a 1996, sai dai tana da nisa, a tabbatar da lokutanta kafin a kama hanya. Ƙidayar 2022 ta sami Musulmi fiye da 81,000 a ƙasar, mafi yawansu a Dablin da kewayenta.

Yini na biyu na arewancin kogi ne, a fara daga titin O'Connell, mai sunan Daniel O'Connell, lauyan da ya yi gwagwarmaya ba tare da makami ba har aka ba 'yan Katolika damar shiga majalisar Birtaniya a 1829. A tsakiyar titin babban gidan waya yake, mai ginshiƙai shida, inda ranar 24 ga Afrilu 1916 Patrick Pearse ya tsaya ya karanta shelar kafa jamhuriya, shi da mutanensa suka riƙe ginin kwana biyar kafin igwa da wuta su fitar da su. Wanda ya duba mutum-mutumin O'Connell da ke bakin gada da kyau zai ga ramukan harsashi. Dogon tsinken ƙarfen da ke gaban gidan wayar, mai tsawon mita 120, an kafa shi a 2003 a gurbin hasumiyar Nelson da aka tarwatsa da nakiya a 1966, ba shi da wani amfani a wurina illa ya zama alamar haɗuwa ga waɗanda suka rabu. Bayan gidan waya titin Moore yake, tsohuwar kasuwar kayan lambu, inda yanzu ake samun kantunan 'yan Afirka da Asiya, mai kewar doya da manja da attarugu zai same su. A nan da kewayen O'Connell a riƙe waya da jaka da kyau, musamman da dare. 'Yan sandan ƙasar, waɗanda ake kira Garda, galibi ba su ɗaukar bindiga, lambar neman agaji kuwa 112 ce ko 999. Arewa kaɗan, a lamba 14 titin Henrietta, akwai gidan da aka gina wa iyali guda na manya, wanda a ƙidayar 1911 aka tarar mutum ɗari suna zaune cikinsa. An mai da shi gidan tarihi, kuma wanda ya gan shi zai san abin da ke bayan kyawawan ƙofofin nan na dandalin Merrion.

Ƙarshen labarin 1916 yana kurkukun Kilmainham, yamma da gari, wanda aka buɗe a 1796 aka rufe a 1924. A farfajiyarsa aka harbe shugabannin tawayen su goma sha huɗu a watan Mayu na wannan shekara, na ƙarshensu James Connolly, wanda raunin ƙafarsa ya hana shi tsayuwa, sai aka ɗaure shi a kujera. Da farko jama'ar gari ba su goyi bayan tawayen ba, kisan ne ya juya zukatansu, shekara shida bayan haka mulkin ya ƙare. Ba a shiga sai tare da mai bayani, tikiti kuma yana ƙarewa makonni kafin ranar, don haka wannan shi ne abu na farko da za a saya da zarar biza ta fito. Daga nan a haye kogi zuwa Phoenix Park, fili mai hekta 707 kewaye da katanga, inda gidan shugaban ƙasa yake, da gidan namun daji na tun 1831, da garken bareyi da ke kiwo sake, waɗanda hukuma ta hana a ba su abinci ko a kusance su.

Akwai wani wuri a bakin kogi, gabas da gadar O'Connell, da ba na so baƙo ya wuce shi, ko da kuwa minti goma zai ba shi. Mutum-mutumi ne na tagulla, na waɗansu ramammun mutane masu tsumma suna tafiya wajen tashar jiragen ruwa, ɗaya da yaro a kafaɗa, an kafa su a 1997 don tunawa da babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta kama dankalin Turawa, wanda shi kaɗai ne abincin talaka, alhali ana ta fitar da hatsi da dabbobi daga ƙasar zuwa Ingila. Kimanin mutum miliyan guda suka mutu, fiye da miliyan suka yi hijira. Tsibirin da a 1841 yake da mutum sama da miliyan takwas har yau bai koma wannan adadi ba. Cikin waɗanda suka aiko da taimako akwai Sarkin Musulmi na Usmaniyya, Abdulmajid, wanda ya ba da fam 1,000 a 1847. Ana ƙara wa labarin gishiri iri-iri, amma wannan adadin shi ne tabbatacce. Kusa da wurin akwai kwaikwayon jirgin ruwan Jeanie Johnston, irin waɗanda suka kwashi mutane zuwa Amurka da Kanada, da gidan tarihin hijira mai suna EPIC. Daga wannan ibtila'i ne ake gane dalilin da ya sa mutanen ƙasar ba su ji maganar yunwa a ko'ina su yi shiru.

Mai sauran kwana ya zaɓa bisa ga halinsa. Mai son wasanni ya je Croke Park, fili mai ɗaukar mutum 82,300, inda ake wasannin gargajiya na ƙasar, ƙwallon da ake haɗa hannu da ƙafa, da wata da ake bugawa da sanda cikin tsananin sauri, 'yan wasan kuma ba a biyansu albashi. A nan sojojin Birtaniya da 'yan sandansu suka buɗe wuta suka kashe mutum goma sha huɗu a Nuwamba 1920, a nan Muhammad Ali ya yi dambe a 1972, a nan kuma aka yi sallar Idin Layya a 2020. Mai son natsuwa ya je maƙabartar Glasnevin, inda kabarin O'Connell da na Collins suke, ya fita ta ƙofar da ta haɗa ta da lambun tsirrai na ƙasa, wanda shi ma kyauta ne. Amma idan aka wayi gari sama ta yi garau, to a ajiye duk wani shiri a hau DART, ko arewa zuwa Howth, ƙauyen masunta mai hanyar ƙafa a kan tsaunin da ke kallon teku, inda ake cin kifin da aka kamo ranar, ko kudu zuwa Dún Laoghaire da Bray, a zauna gefen hagu don a ga teku; rana irin wannan ba a yi mata jinkiri a ƙasar nan. Wanda zai iya ba da yini cikakke yana da Glendalough a duwatsun Wicklow, kufan zawiyar sufayen Kirista ta ƙarni na shida mai doguwar hasumiya ta dutse, ko Newgrange a arewa, kabarin da aka gina wajen shekara 3,200 kafin Miladiyya, ya girmi dalar Giza.

Gargaɗi guda ya rage, shi ne kuma wanda baƙi suka fi faɗawa cikinsa ba da sani ba. Za ka ga ana tallar tafiyar yini guda zuwa Belfast da gaɓar arewa, mota ko jirgi kuma za su kai ka cikin sa'a biyu da 'yan kai ba tare da ka ga shinge ko jami'i a hanya ba. To, ka sani Ailan ta Arewa ƙasar Birtaniya ce, kuɗinta fam ne, kuma bizar da aka ba ka don Dablin ba ta halatta maka taka ta. Idan kana da nufin zuwa can, ka nemi bizar Birtaniya tun kana gida. Idan ba ka da ita, kada ka hau motar.